Yadda Za Ka Yi Amfani da Wayarka Wajen Kula da Lafiya da Tuntuɓar Likita a Legas

Duk wanda ya taɓa fitowa daga Agege ko Alaba Rago da asuba domin ya kama layi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, ya san cewa ganin likita a garin nan wuni guda yake ci. Mutum zai rufe rumfarsa, ya biya kuɗin mota, ya sha gosulo, ya zauna a benci har azahar, sannan likita ya duba takardar gwajin da ya kawo cikin minti biyar, ya ce masa ya ci gaba da shan maganinsa. Irin wannan zuwan ne waya za ta iya rage maka. Tun kullen korona da aka fara a Legas ranar 30 ga Maris 2020, asibitoci da likitoci da dama sun saba da bibiyar marasa lafiyarsu ta kira da saƙo, kuma al'adar ba ta mutu ba bayan an buɗe gari.

Sai dai likitan da ke magana da kai ta waya ba zai danna cikinka ba, ba zai saurari ƙirjinka ba, ba zai ga yadda ka shigo ɗakinsa kana jan ƙafa ba. Bayanin da ka ba shi da takardun da ka tura masa su kaɗai ne yake aiki da su, don haka mafi yawan aikin a wuyanka yake, kuma yana farawa tun kana da lafiya.

Ka tara tarihin lafiyarka a wuri ɗaya

Ka fito da duk takardun asibiti da ke cikin akwati da ƙarƙashin katifa: katin asibiti mai lambarka, sakamakon gwajin jini da na fitsari, rahoton sikanin da na hoton ƙashi, takardar sallama idan an taɓa kwantar da kai, katin awo na uwargida, da katin rigakafin yara. Ka shimfiɗa kowace a kan tebur inda haske yake, ka ɗauke ta daga sama ta yadda kusurwoyinta huɗu za su fito, sannan ka buɗe hoton ka tabbatar da cewa ana iya karanta kwanan wata da ƙananan lambobin. Ka ware wa kowane mutum a gidan ma'ajiyarsa ta daban, domin kada sakamakon Hajiya ya cuɗe da na amarya. Magungunan da kake sha ma ka ɗauki hoton kwalinsu gaba da baya, saboda sunan da kamfani ya rubuta da manyan baƙaƙe ba shi ne ya fi damun likita ba. Ainihin sunan sinadarin da ke ƙasansa da ƙarfinsa, wato ko miligiram 5 ne ko 10, su ne yake nema. "Wata 'yar farar ƙwaya da nake sha da safe" ba bayani ba ne, domin rabin magungunan kemis farare ne.

Bayan haka ka rubuta taƙaitaccen bayani wanda bai wuce shafi ɗaya ba, ko ka sa ɗanka ya rubuta maka da Turanci: shekarunka, cututtukan da likita ya tabbatar kana da su, tiyatar da aka taɓa yi maka, maganin da jikinka ba ya karɓa, rukunin jininka, da jinsin jininka, wato AA ko AS ko SS. Ka ajiye kwafin komai a Google Drive, ko ka aika wa kanka ta imel, domin waya tana iya salwanta a cikin danfo ko ta faɗa ruwa. Ga mu da ƙafa ɗaya ke Legas ɗaya ke Arewa, wannan ajiyar tana da wani amfani na musamman: idan ciwo ya kama ka a Kano ko Sakkwato lokacin da ka je sallah ko saro kaya, likitan can ba zai fara daga farko ba.

Lokacin turawa ta WhatsApp, ka aika hoton a matsayin fayil, domin idan ka aika shi a matsayin hoto manhajar tana rage masa kyau har ƙananan lambobi su dushe.

Awon da za ka iya yi a gida

Mai hawan jini ko ciwon suga da ke son a riƙa bibiyarsa ta waya yana bukatar na'urarsa. Ga hawan jini, ka sayi wadda ake ɗaurawa a damtse, domin ta fi ta wuyan hannu inganci, kuma ka kai ta asibiti sau ɗaya a gwada ta da tasu. Kafin awo ka zauna minti biyar, bayanka a jingine, ƙafafunka a ƙasa, hannunka a kan tebur daidai da ƙirjinka, kuma kada ka ci goro ko ka sha shayi mai kauri ko taba cikin rabin awar da ta gabata. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, har kwana bakwai, ka rubuta kowane awo da ranarsa da lokacinsa. Jerin nan na mako guda ya fi wa likita amfani a kan awo ɗaya da aka yi maka bayan ka sauko daga mota a gajiye. Awon da ke kaiwa 140 bisa 90 ko sama da haka a kai a kai shi ne ake kira hawan jini, wanda kuwa ya kai 180 bisa 120 ba na jiran amsar saƙo ba ne, musamman idan ya zo da ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani.

Ga suga kuma, ka riƙa rubuta ko kafin karin kumallo ka auna ko bayan cin abinci, sannan ka lura da ma'aunin da na'urarka take bayarwa. Wasu na'urori suna nuna lamba kamar 126, wasu kuma 7.0, alhali abu ɗaya suke nufi, domin ana ninka ƙaramar lambar sau 18 ne a sami babbar. Idan awo ya faɗi ƙasa da 70 a babban ma'auni, sugan ya yi ƙasa sosai, sai a sha abu mai zaƙi nan take. Mai ciwon suga da ke niyyar azumin Ramadana ya tura wa likitansa awonsa tun makonni shida zuwa takwas kafin ganin wata, domin a daidaita masa lokacin shan magani da adadinsa tsakanin sahur da buɗa-baki. Gida mai yara kuwa bai kamata ya rasa ma'aunin zafin jiki ba, domin "jikinsa da zafi" da "zafinsa ya kai 39" ba ɗaya ba ne a kunnen likita.

Wa kake magana da shi?

A ganina, wanda ya fi dacewa ka tuntuɓa ta waya shi ne likitan da ya riga ya gan ka ido da ido, wanda fayil ɗinka ke asibitinsu. A zuwanka na gaba ka tambaye shi kai tsaye ko asibitin yana da lambar da ake tura sakamakon gwaji, ko ana iya kama ranar ganin likita ta waya, da kuma nawa ake biya. Idan kana da inshorar lafiya, ko ta wurin aiki ko shirin Ilera Eko na gwamnatin jihar, ka tambayi masu kula da ita ko ganin likita ta waya yana cikin abin da suke ɗauka.

Idan kuwa sabon likita ne ka samu ta manhaja ko ta talla, to ka yi bincike kamar yadda za ka yi wa wanda zai karɓi kayanka bashi. Kowane likita da ke aiki bisa doka a Najeriya yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, wato MDCN, kuma yana sabunta lasisinsa duk shekara. Ka nemi cikakken sunansa da lambar rajistarsa da asibitin da yake aiki, sannan ka kira asibitin ta lambar da ka samo da kanka ka tambaya ko suna da shi. A Jihar Legas hukumar HEFAMAA ce ke yi wa asibitoci da ɗakunan gwaji masu zaman kansu rajista tana kuma sa musu ido, don haka wurin da ya kasa nuna shaidarta abin zargi ne. Farar riga a hoton WhatsApp ba lasisi ba ce. Wanda ya gaya maka cutarka kafin ya yi maka tambaya biyar, ko ya yi alkawarin warkar da ciwon suga ko sikila ko rashin haihuwa cikin kwanaki, ko ya ce maganin a hannunsa kaɗai ake samu, ɗan kasuwa ne, kuma ka san yadda ake rabuwa da ɗan kasuwar da kayansa ba su yi maka ba.

Yadda ake yi wa likita bayani

A nan ne Bahaushen Legas yake da matsalar da maƙwabcinsa ba ya da ita. Yawancin likitocin garin da Turanci ko Yarbanci ko buroka suke aiki, mu kuma muna da sunayen cututtuka da ba su da takwara ɗaya tak a wajensu. Idan Bahaushe ya ce yana da basir, yana iya nufin tsiro a dubura, ko jini a bayan gida, ko taurin ciki, ko ciwon baya da kasala, har ma da raunin mazakuta. Idan mace ta ce sanyi ke damunta, wataƙila ƙaiƙayi da fitar ruwa take nufi, mai fassara kuwa ya gaya wa likita mura take yi. Shawara a bakin wani idon da ya koma rawaya ce, a bakin wani kuma zazzaɓin da ya ƙi sauka. Manhajojin fassara sun fi mutum ruɗewa a irin waɗannan kalmomi. Kuma sunan da ka ba ciwon yana iya karkatar da hankalin likita, ta yadda jinin da ke fita a bayan gida saboda wata cuta mai hatsari a hanji zai wuce da sunan basir.

Mafita ita ce ka bar sunan cutar, ka faɗi abin da ka gani da abin da ka ji. Ka ambaci inda ciwon yake, ranar da ya fara, ko kullum ne ko yana zuwa yana tafiya, abin da ke tayar da shi da abin da ke lafar da shi, da launin duk abin da ya fita daga jiki. Ka faɗi duk abin da ka sha a kansa ba tare da ɓoyo ba, har da wanda mai kemis ya haɗa maka a leda, da jiƙo, da tsimi, da maganin gargajiyar da aka aiko maka daga gida. Mutane suna ɓoye wannan don gudun faɗa, alhali wasu jiƙe-jiƙen suna taɓa hanta da ƙoda ko su yi karo da maganin asibiti, likita kuwa ba zai iya lissafi da abin da bai sani ba. Mace ta faɗi ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, da ko tana da ciki ko tana shayarwa. Idan yaro ne, a faɗi shekarunsa da nauyinsa, domin da nauyi ake auna maganin yara.

Kada ka aika sallama kaɗai ka zauna jiran amsa, duk da cewa haka tarbiyyarmu ta koya mana; likitan da ke da saƙo hamsin zai wuce naka ya buɗe wanda ya faɗi bukatarsa. Ka haɗa gaisuwa da bayani a saƙo ɗaya, kamar haka: "Barka da aiki, Likita. Ni ne wane, mai lambar kati kaza, wanda ka gani ranar Talata saboda hawan jini. Na fara sabon maganin kwana goma da suka wuce, kuma tun kwana huɗu ƙafafuna biyu suke kumbura da yamma, amma babu ciwon ƙirji ko haki. Ga awon jinina na mako guda da hoton kwalin maganin. Ina so in sani ko in ci gaba da sha ko in zo asibiti. Na gode, Allah ya saka da alheri." Wanda bai iya rubutu ba ya yi saƙon murya, amma kada ya wuce minti ɗaya, kuma ya haɗa da hotunan takardu. Ka aika a lokacin aiki, ka kuma tambaya tun farko cikin awa nawa ake sa ran amsa.

Idan kiran bidiyo ne, ka nemi wuri mai haske da ba hayaniya, ka fuskanci taga, ka tabbatar akwai caji da data, ka ajiye magungunanka da na'urar awo kusa da kai. Ka rubuta tambayoyinka uku mafi muhimmanci tun kafin a fara, domin da zarar likita ya soma magana mutum yakan manta abin da ya kawo shi. Game da tafinta, a zaɓi babba wanda marar lafiya ba ya jin nauyinsa. Na sha ganin an sa yaro ɗan sakandare ya fassara wa mahaifiyarsa ciwon mata, ita ta rage rabi saboda kunya, shi ma ya rage rabin abin da ya saura. Mace tana da damar neman likita mace ko tafinta mace, kuma neman hakan ba rashin ladabi ba ne. Kafin a kashe waya, ka maimaita wa likita abin da ka fahimta da bakinka, ka roƙe shi ya rubuto maka sunan magani da adadi da yawan kwanaki, da alamomin da idan ka gan su za ka taho asibiti.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin marar lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, amma doka ba za ta kulle maka wayarka ba. Ka sa mata lambar sirri, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, kada ka ba kowa lambobi shida da ake turo maka, kuma kada ka zuba sakamakon gwajinka a zauren 'yan unguwa ko na 'yan kasuwa don neman shawara. Hoton al'aura kuwa kada a tura wa wanda ba a tabbatar da shi ba, domin da irinsa 'yan damfara ke tatsar mutane kuɗi.

Sayen magani da binciken intanet

Ka sayi magani a kantin da ke da lasisin Hukumar Masu Harhaɗa Magunguna, wato PCN, ko da ta intanet za a kawo maka har gida. Idan ya iso ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Yawancin magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu na kashe ƙwayoyin cuta suna da wurin kankarewa a kwalinsu. Ka kankare, ka aika lambar ta saƙon tes zuwa inda aka nuna, za a amsa maka ko na gaske ne. Kada ka sake amfani da tsohuwar takardar magani don ciwon ya yi kama da na bara, kuma zazzaɓi ba ya zama maleriya sai an gwada jini.

Binciken intanet yana da kyau wajen fahimtar abin da likita ya riga ya gaya maka, da shirya tambayoyin da za ka yi masa. Shafukan Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Najeriya, wato NCDC, da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Legas su ne wurin duba labarin annoba, kuma NCDC tana da layin kyauta, 6232. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma suna iya bayyana maka kalmomin da ke takardar gwaji, amma suna yin kuskure cikin murya mai cike da tabbaci, don haka kada ka ƙara ko ka rage magani a kan maganarsu. Saƙonnin da ake yaɗawa a zaure kuwa, Legas ta ga illarsu. Bayan Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya shigo da cutar Ebola ranar 20 ga Yuli 2014, wani saƙo ya zagaye ƙasar nan a watan Agusta cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha domin kariya daga cutar, mutane suka tashi cikin dare suna kiran 'yan uwa a Arewa suna gaya musu. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu da dama, alhali ba Ebola ce ta taɓa su ba.

Lokacin da za a ajiye waya a nufi asibiti

Akwai alamomin da ba a rubuta saƙo a kansu. Idan baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya suka mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A lura da lokacin da ta fara, domin maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma gosulon Legas zai ci nasa kason. Haka ciwon ƙirji mai danna mutum tare da zufa, da numfashi da ƙyar, da suma, da aman jini. Mai ciki da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko jijjiga, ko ta daina jin motsin ɗa, asibiti za a kai ta a daren. Jaririn da bai kai wata uku ba idan zafinsa ya kai 38, da yaron da ya ƙi nono ko yake taune-taune ko ya yi laushi, su ma haka. Mai amai da gudawa kamar ruwan shinkafa, irin na kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na sacet tun a gida, a ci gaba da ba shi a hanya.

Lambobin gaggawa na Jihar Legas su ne 112 da 767, kuma kyauta ake kiransu. Ka ajiye su a wayar kowa a gidan, tare da lambar wani maƙwabci mai mota ko keke da zai iya tashi cikin dare, domin motar asibiti ba kullum take iya kutsawa lungunanmu da wuri ba. Ka rubuta adireshin gidanka da Turanci a cikin wayar, da sunan titi da tashar mota mafi kusa da wata alama kamar masallaci ko gidan mai, ta yadda ko yaro zai iya karanta wa mai amsa kira. Ka san asibitin da ya fi kusa da kai wanda ke aiki dare da rana, ko babban asibitin Orile Agege ne, ko na Gbagada, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Ebute Metta, ko asibitin ƙashi na Igbobi idan karaya ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa ga wanda rayuwarsa ke cikin hatsari. Idan kun isa, ka buɗe shafin nan guda da ka rubuta tarihinka a ciki, ka miƙa wa ma'aikaciyar jinya ta farko da ta tare ku.